Shin gidan caca na raya gari? Amsa ga wani ɗan'uwa a Bronx

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a birnin New York, shekarata goma sha ɗaya a unguwar Bronx. Ana ta maganar gina wani katafaren gidan caca a Ferry Point, nan kusa da mu. 'Yan siyasa na cewa zai kawo dubban ayyukan yi da kuɗin haraji, wasu har cewa suke wurin zai zama kamar Las Vegas. Hukuncin caca a addini mun san shi, ba shi nake tambaya ba. A taron ƙungiyarmu ta Hausawa an rabu gida biyu: wasu na cewa mu yi shiru tunda unguwa za ta amfana, wasu na cewa mu fito mu yi magana. Ta fuskar tattalin arziki, da gaske gidan caca na raya gari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema.

Na ji daɗin yadda ka ware hukuncin addini gefe, domin wannan fagen malamai ne, kuma ayoyin Baƙara da Ma'ida ba su bar wani duhu a kai ba. Ni fagena haraji ne da kasafin kuɗin birane, a nan zan tsaya.

Gidan caca ba ya ƙera komai, ba ya noma komai. Kuɗi yake kwasowa daga aljihun wasu ya zuba a na wasu. Saboda haka duk garin da ka ga ya yi ƙiba da caca, to abu biyu ne suka haɗu a wurin: wanda ake cinyewa baƙo ne da ya zo da kuɗinsa daga nesa, sannan kaso mai tsoka na abin da aka cinye yana tsayawa a garin. In ɗaya ya kuɓuce, garin zai ga fitilu da dogayen gine-gine, amma ba zai ga arziki ba. Su kuma waɗannan abubuwa biyu 'yan siyasa ne ke tsara su, kuma kamar yadda za ka gani, ba sa daɗewa.

Bari mu fara da lissafin teburi, don kada wani ya ce maka sa'a ce. Ɗauki rulet, faifan nan da ake juyawa ana jefa ƙaramar ƙwallo. Irin na Amurka yana da ramuka 38: lamba 1 zuwa 36, sai sifili ɗaya da sifili biyu. In ka sa dala ɗaya a kan lamba guda ka ci, dala 35 za a ba ka. Ka yi haka sau 38, a bisa ƙa'idar lissafi za ka ci sau ɗaya ka faɗi sau 37. An karɓe maka 37, an ba ka 35. Dala biyun nan da suka ɓace a tsakani, wato kashi 5.26 cikin ɗari, su ne albashin ma'aikata, su ne kuɗin wuta, su ne harajin da ɗan siyasa ke yi muku alƙawari. Na'urorin da ake danna wa maɓalli kuwa sun fi haka ci. A jihar New Jersey doka ta yarda na'ura ta mayar da kashi 83 kawai na abin da aka zuba mata. Don haka duk lokacin da aka ce muku "gidan zai samar da dala biliyan kaza a shekara", ku fassara maganar da kanku: mutane za su yi asarar dala biliyan kaza a shekara. Sai ku tambaya, su wane ne mutanen?

Tunda Las Vegas ake buga muku misali da ita, ga yadda take. Jihar Nevada ta halatta caca a 1931, kuma ta shafe shekara arba'in da bakwai ita kaɗai ce jihar da ke da irin waɗannan gidaje a duk Amurka. Gari ne a tsakiyar hamada, mai kuɗi daga California ko Texas sai ya yi tattaki ya je, ya kama ɗaki, ya ci abinci, ya kwana biyu ko uku, ya bar kuɗinsa ya koma gida da baƙin cikinsa. Asarar ta tafi wata jiha, ribar ta zauna a Nevada. Daga baya ma garin ya rage dogaro da teburi: tun wajen ƙarshen shekarun 1990 manyan otal-otal na titin Strip, babban titin gidajen cacar, sun fi samun kuɗi daga ɗakunan kwana, abinci, wasanni da manyan taruka fiye da cacar kanta. Ga kuma ƙungiyar ƙwadago ta Culinary mai mambobi kusan 60,000, wadda da yajin aiki da ciniki ta sa mai gyaran ɗaki da mai wanke kwanuka suka sami albashin da za su iya riƙe iyali da inshorar lafiya. Ba gidan caca ne ya ba su don alheri ba, ƙwata suka yi.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Titin Strip ɗin da kake gani a talabijin ba a cikin birnin Las Vegas yake ba. Yana wani yanki ne da ake kira Paradise, ƙarƙashin gundumar Clark. A 1950 magajin garin ya so ya haɗe wurin da birni don ya riƙa karɓar haraji, masu gidajen caca suka ruga wurin hukumar gunduma aka ayyana wurin a matsayin yanki mai zaman kansa. Tun daga tushe ke nan masu wannan sana'a sun san cewa inda aka ja layin iyaka ya fi musu komai muhimmanci. Kuma ko Nevada ɗin, da annobar korona ta rufe gidajen a 2020, rashin aikin yi a jihar ya doshi kashi 30 cikin ɗari, mafi muni a ƙasar.

Amma madubinku ba Las Vegas ba ce. Madubinku na nan kudu da ku, tafiyar awa biyu da rabi a mota: Atlantic City, a jihar New Jersey. A kanta zan daɗe, domin na yi aiki a kan kasafin kuɗinta, na kuma taka ta da ƙafata.

Gari ne na bakin teku da ya yi tashe a farkon ƙarni na ashirin, mutanen Philadelphia da New York na zuwa shan iska ta jirgin ƙasa. A 1930 mazaunansa sun kai 66,000. Da jirgin sama ya yi araha, mutane suka koma Florida, garin ya fara mutuwa. Zuwa 1970 mutanen sun ragu zuwa ƙasa da 48,000, tsofaffin otal-otal sun zama kangaye. A 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama a New Jersey a kan halatta gidajen caca a faɗin jihar, mutane suka ƙi. A 1976 aka dawo da tambayar da sabuwar riga: a Atlantic City kaɗai za a yi, kuma harajin zai tafi ga tsofaffi da naƙasassu. Wannan karon ta wuce. Gwamna Brendan Byrne ya sa hannu a dokar a 1977, ranar 26 ga Mayu 1978 gidan Resorts ya buɗe, mutane suka yi layi a bakin teku suna jiran shiga.

Gaskiya dai, kuɗi sun shigo, kuma masu yawa. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen Amurka na zaune a inda mota za ta kai su garin a yini guda, kuma babu wani mai gasa da shi a duk gabashin ƙasar. An wayi gari baƙi sun haura miliyan 30 a shekara. A ƙarshen shekarun 1990 ma'aikatan gidajen caca sun kusa 50,000, sun fi mazauna garin gaba ɗaya yawa. A 2006 gidajen sun cinye dala biliyan 5.2. Wanda ya ce maka caca ba ta kawo ayyuka a Atlantic City ba, bai faɗi gaskiya ba.

To ina kuɗin suka tafi? Harajin kashi 8 cikin ɗari da ake cirewa daga abin da gidajen suka ci, asusun jiha yake shiga, a raba wa tsofaffi da naƙasassu a duk faɗin New Jersey. A 1984 aka kafa CRDA, hukumar da ke zuba kuɗin caca a ayyukan raya ƙasa, aka ɗora wa gidajen ƙarin kashi 1.25 don a raya gari, amma dokar ta ba da damar kashe wani ɓangare a wasu sassan jihar, wani kuma ya koma wa gidajen cacar kansu don faɗaɗa otal-otal ɗinsu. Ma'aikatan da suka sami albashi mai kyau yawancinsu ƙetare gada suka yi, suka sayi gidaje a garuruwan Egg Harbor da Galloway da ke maƙwabtaka, can suke biyan harajin makarantun 'ya'yansu. 'Yan kasuwar filaye suka saye unguwanni suka rushe suna jiran wani gidan caca ya zo ya saya da tsada, wasu filayen har yau ciyawa ce a kansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Sannan shi gidan caca an gina shi ne don kada ka fita. A lokacin dokar jihar ta ce dole kowane gida ya kasance da otal mai ɗaki aƙalla 500, ga gidajen abinci a ciki, ga shaguna a ciki, ga gadar sama daga wurin ajiye mota kai tsaye zuwa zauren caca. Mutum zai zo garin ya tafi ƙafarsa ba ta taɓa titi ba. Mai gidan abinci na cikin gari da ya ɗauka baƙi miliyan talatin za su zama nasa, sai ya tarar yana gasa da wanda ke raba abinci kyauta don ya riƙe ɗan caca a kujera. Da yawansu sun rufe.

Na je garin a kakar 2015. A tashar Port Authority na hau bas, kamar yadda dubban mutane ke yi, kuma galibin waɗanda ke cikin motar tsofaffi ne 'yan fansho, wasu da sanda, wata da tukunyar iskar numfashi a gefenta. Da muka isa aka miƙa wa kowa takardar kuɗin wasa kyauta, wadda ta kusa biyan kuɗin motar. A cikin gidan cacar babu taga, babu agogo. Na tsaya kusa da wata dattijuwa da ta saƙala katinta a na'ura da igiya ɗaure a rigarta, tana danna maɓalli ba ta ko kallon abin da ya fito. Na fita na bar ta da hantsi, na dawo bayan la'asar na same ta a kujerar. A tsakanin nan na bi ta bayan ginin na tsallaka titin Pacific. Taku ɗari biyu daga ƙofar da ke walƙiya, shagunan sayen gwal ne da na jingina a jere, kowanne da allon "muna sayen zinari", sai fegi-fegi babu gini, sai gida ɗaya tsaye shi kaɗai kamar haƙori a bakin tsoho. Na tambayi wata mata da ke jiran bas inda take cefane, ta ce sai ta fita garin, domin babu babban kantin kayan abinci a ciki. Garin da aka cinye dala biliyan biyar a shekara guda. Har yau wajen kashi ɗaya bisa uku na mazaunansa na cikin talauci, kuma ƙidayar 2020 ta same su kusan 38,500, ƙasa da yadda suke lokacin da aka buɗe gidan farko.

Siyasar garin ita ma ta sha jiki. Inda lasisi ɗaya ko canjin taswirar fili ɗaya ke iya zama miliyoyin daloli, kujerar kansila ta zama haja. Magajin gari Michael Matthews ya tafi kurkuku a tsakiyar shekarun 1980 kan karɓar rashawa. A 2019 wani magajin garin, Frank Gilliam, ya sauka bayan ya amsa laifin wawure kuɗin wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta yara. Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda aka yi bisa doka. A shekarun 1990 hukumar CRDA, wadda aka kafa don talakan garin, ta nemi ta ƙwace gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu don a yi wa gidan cacar Trump Plaza wurin ajiye motocin alfarma. Sai da kotu ta taka mata burki a 1998. A 2001 aka buɗe wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ta dala miliyan 330 da ta ratsa unguwar baƙar fata masu rufin asiri, aka rushe gidaje, don motoci su isa yankin sabbin gidajen caca ba tare da sun bi ta cikin gari ba.

Sai maƙwabta suka farka. Jihar Connecticut ta sami gidan cacar Foxwoods a 1992 da Mohegan Sun a 1996. A ƙarshen 2006 Pennsylvania ta buɗe nata gidajen, New York ta sa na'urori a filin sukuwa na Yonkers, daga baya Maryland ita ma ta shigo. Mutumin Philadelphia da ke tuƙin awa guda zuwa bakin teku ya sami wurin zubar da kuɗinsa minti goma daga gida. Cikin shekara tara kuɗin shigar Atlantic City ya rabu biyu, ya koma wajen dala biliyan 2.6. A 2014 kaɗai gidaje huɗu cikin goma sha biyu suka rufe: Atlantic Club, Showboat, Revel da Trump Plaza, mutum kusan 8,000 suka rasa aiki. Revel an kashe dala biliyan 2.4 wajen gina shi, ya buɗe a 2012, bai kai shekara uku ba ya mutu, aka sayar da shi dala miliyan 82. Taj Mahal ya bi su a 2016.

A nan ne darasin da ya fi shafar aikina yake. Ita hukumar birnin da harajin gine-gine take rayuwa, kuma a wancan lokacin mafi yawansa daga gidajen caca yake fitowa. Da ciniki ya faɗi, gidajen suka garzaya kotu suka ce an yi wa gine-ginensu ƙima fiye da darajarsu, suka yi nasara. Ƙimar dukiyar da birnin ke karɓar haraji a kanta ta faɗo daga sama da dala biliyan 20 a 2010 zuwa wajen biliyan 7 a 2015. Birnin ya koma shi ake bi bashi. Gidan cacar Borgata kaɗai ya biyo shi sama da dala miliyan 150, daga baya aka sasanta a kan miliyan 72. Wa ya cike giɓin? Mai ɗan gidansa na gado, wanda aka yi ta ƙara wa haraji shekara bayan shekara. A Nuwamban 2016 gwamnatin jiha, ƙarƙashin Gwamna Chris Christie, ta karɓe ragamar birnin daga hannun zaɓaɓɓunsa, ta sami ikon soke yarjejeniyar ma'aikata da sayar da kadarori. An kuma yi dokar da ta cire gidajen caca daga harajin gine-gine, aka yanka musu dunƙulallen kuɗi, dala miliyan 120 a shekarar farko. A 2021 majalisar jihar ta sake gyara dokar ta cire kuɗin cacar intanet, har da ta wasanni da ake yi ta intanet, daga lissafin, abin da ya rage musu nauyi. Garin da aka ce caca za ta cece shi ya ƙare ba shi da ikon kansa.

Za ka ji ana cewa ai Macau, wani yanki a kudancin ƙasar Sin, ta yi arziki da caca. Ta yi. Bayan ta koma hannun ƙasar Sin daga Fotugal a 1999, an karya babakeren da attajiri Stanley Ho ya yi wa harkar caca a 2002, a 2013 gidajenta suka ci wajen dala biliyan 45, kusan ninki bakwai na titin Strip. Gwamnatin na karɓar kusan kashi 40 cikin ɗari, tun 2008 take raba wa 'yan gari kuɗi a hannu duk shekara, kuma ɗan gari kaɗai ke da izinin raba karta a teburi. Amma dubi sharaɗin: ita ce wuri ɗaya tilo da aka halatta gidan caca a ƙasar da ke da mutum sama da biliyan ɗaya. Ranar da Beijing ta fara farautar jami'ai masu rashawa a 2014, ciniki ya zube. A 2021 aka kama Alvin Chau, babban dillalin da ke kawo attajirai, daga baya aka yanke masa shekara 18. Singafo kuwa, da ta buɗe gidaje biyu a 2010, ta fito fili ta nuna wanda take so a cinye: baƙo ya shiga kyauta, ɗan ƙasa sai ya biya dalar Singafo 100 a bakin ƙofa, aka mayar da shi 150 a 2019, kuma iyali na da ikon zuwa su sa a hana ɗansu ko mijinsu shiga.

Yanzu dawo Bronx. Wa zai cika wannan zaure ranar Talata da ƙarfe biyun rana? New York na da baƙi masu yawon buɗe ido, gaskiya ne, amma wanda ya zo daga Faransa kallon Manhattan ba zai kwashi jiki zuwa gindin gadar Whitestone don danna na'ura ba, sai ƙalilan. Masu goyon baya na da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma ya kamata ku san ta: mutanen New York sun daɗe suna kai kuɗinsu New Jersey da Connecticut da Pennsylvania, gara a tsayar da kuɗin a gida. Wannan gaskiya ce ga asusun jiha. Jihar ta ware lasisi uku ga yankin birnin, kowanne aƙalla dala miliyan 500, kuma an tsara kuɗin lasisin ya tafi ga hukumar jiragen ƙasa da bas ta MTA. Sai dai wanda a da yake zuwa caca sau uku a shekara saboda nisa, yanzu zai iya zuwa sau uku a mako. Hukumar da majalisar Amurka ta kafa don nazarin caca ta ba da rahoto a 1999 cewa inda gidan caca ke cikin tazarar mil 50, yawan waɗanda cacar ta zame musu cuta yana kusan ninkawa biyu. Ku mil nawa ne tsakaninku da Ferry Point?

Kuma ka fi ni sanin su waye ke cikin haɗari. Mai aikin dare da ke tashi da kuɗi a hannu. Direban da ya sauke fasinja a ƙofar gidan ƙarfe ukun dare, aljihunsa da cinikin yini, gida ana jiran ya turo na makaranta da na asibiti a Kumasi ko Damagaram. Wanda ke riƙe da kuɗin adashin mutane. Irin wannan asara ba ta fitowa a takardar da kamfani ke rabawa a taro, a gidan aure take fitowa, da wurin limamin da ake kai wa ƙara.

Game da ayyukan yi, kada ku raina su, kada kuma ku haɗiye lambar da aka ba ku. Aikin gini na shekara biyu ko uku ne, ya ƙare. Ayyukan dindindin a otal ɗin New York da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago suna da albashi mai kyau, wannan ba ƙarya ba ne. Amma dalar da aka kashe a na'ura dala ce da ba a kashe a shagon aski ko gidan abinci ko kantin unguwa ba, don haka wasu ayyukan ƙaura kawai suka yi daga titinku zuwa cikin ginin. Ga kuma waya. New Jersey ta halatta cacar intanet a 2013, Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, zuwa 2024 cacar intanet a New Jersey ta kai wajen dala biliyan 2.4, tana dab da kamo biliyan 2.8 na gidaje taran da suka rage a Atlantic City. Waya ba ta ɗaukar mai gyaran ɗaki ko mai dafa abinci. Kamfanin da ke muku alƙawarin dubban ayyuka yau, shi ne zai nemi a ba shi lasisin waya gobe. Wannan guguwar ce ta isa har gida Najeriya, inda a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara caca a yankunansu, dokar caca ta tarayya ta 2005 kuma a Abuja kaɗai za ta yi aiki; Legas na karɓar haraji, Kano na rufe shaguna, amma wayar da ke hannun matashi ba ta san iyakar jiha ba.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: ku yi magana. Shirunku ba zai ƙara muku ko kwabo ba, kuma alƙawarin da kamfani ke yi kafin ya kafu ya fi wanda zai yi bayan ya kafu. In ma ginin ya riga ya fi ƙarfinku, akwai sauran abin kamawa. Ku nemi a nuna muku, a rubuce, kashi nawa na masu cacar kamfanin ke hasashen za su fito daga cikin mil goma; suna da wannan lissafin, da shi suka karɓo bashin banki. Ku tambaya ayyuka nawa ne na cikakken lokaci, nawa aka keɓe wa mazauna Bronx, da abin da zai faru da lasisin in ba a cika ba, domin alƙawarin da babu tara a bayansa romon baka ne. Ku tambaya ko kamfanin zai sa hannu cewa ba zai je kotu neman ragin harajin gininsa ba in ciniki ya ja baya, tunda abin da ya durƙusar da Atlantic City ke nan. Kuɗin da aka ce za a ba unguwa, wa zai riƙe asusun, kuma su wa za su zauna a kwamitin? Ku nemi tsarin da mutum zai iya sa sunansa a hana shi shiga ya kasance da Faransanci da harsunan mutanenku, kuma a hana kamfanin aika motocin ɗaukar mutane kyauta zuwa gidajen tsofaffi. Ko maganar hayaƙin taba ku sa a takarda: a New Jersey dokar hana shan taba a wuraren aiki ta 2006 ta tsame gidajen caca, kuma masu raba karta sun shafe shekaru suna roƙon majalisa ta rufe wannan ƙofa, ana ce musu ciniki zai faɗi.

Kada ku je taron ku kaɗai. Cocin unguwa da ƙungiyoyin masu haya da 'yan Latin Amurka da ke maƙwabtaka da wurin damuwarku ɗaya da su, kuma ɗan majalisar birni yana ƙirga kawuna ne kafin ya saurari hujja. Waɗanda ke da takardar zama ɗan ƙasa a cikinku su zauna a sahun gaba, su faɗi sunan mazaɓarsu kafin su fara magana.

Kafin taronku na gaba, ka ɗauki mutum biyu daga ɓangaren da ke cewa a yi shiru, ku ware yini ɗaya ku tafi Atlantic City a motarka. Ku ajiye ta a titin Atlantic, ba a garejin gidan caca ba. Ku taka daga bakin teku zuwa cikin gari har titin Baltic, ku tsaya ku gaisa da masu shaguna da direbobin ƙananan bas ɗin da ake kira jitni, ku tambaye su shekara nawa suka yi a garin da abin da suka gani. Akwai masallatai a garin, ku yi azahar a can ku tambayi 'yan'uwa su ma. In kun dawo, ka rubuto mini abin da suka faɗa muku, tare da takardar alƙawuran kamfanin in kun same ta, mu bi ta layi-layi.